Daga Akwatin Rediyo Zuwa Memori: Yadda Waƙar Hausa Ta Riƙa Ƙetare Gadar Malanville

Garin Malanville yana can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Yana fuskantar garin Gaya na Nijar, gada ce kawai ta raba su, sannan ƙasar Kabi ta Nijeriya ba ta da nisa daga gabas. An raɗa masa wannan suna ne domin tunawa da wani gwamnan Faransa na Dahomey mai suna Malan. Dandawa ne suka fi yawa a yankin, amma Hausa ta daɗe da zama harshen ciniki a nan, tun zamanin da fataken goro ke ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu zuwa Gwanja. Duk garin da ya zama mashigar fatake, to ya zama mashigar waƙa, domin matafiyi ba ya barin abin da kunnensa ya saba da shi a gida.

Kafin zuwan na'ura, sai makaɗi ya taka da ƙafarsa sannan a ji shi. Rediyo ce ta fara karya wannan ƙa'ida. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, ga kuma rediyon Yamai da aka fi sani da Muryar Sahel. Gajeren zango bai san iyaka ba, saboda haka mai shago a Malanville ko Gaya yana iya kama Kaduna kamar yadda mutumin Zariya ke kamawa. Ta wannan hanya muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka zama sanannu ga mutanen da takardun shaidarsu da Faransanci aka rubuta. Sai dai mai sauraro ba shi da iko a kan abin da zai ji. Iyakar abin da zai iya shi ne ya aika wasiƙa ga shiri irin su Zaɓi Sonka, ya zauna jiran ranar da za a karanta sunansa. Faifan garmaho da kamfanoni irin su EMI suka buga a Legas yana da tsada, ga saurin karyewa, kuma zafi na lanƙwasa shi.

Kaset ne ya sauya al'amarin gaba ɗaya. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka yawaita a Nijeriya, rediyo mai kaset ta shiga gidajen talakawa da motocin haya. Abu biyu suka sa ya dace da waƙar baka. Na farko, tsawo: kaset mai minti 60 ko 90 yana ɗaukar waƙar da faifai ƙarami sai ya datse ta, ga shi kuwa makaɗan Hausa ba su saba da waƙar minti uku ba. Wanda ya san yadda Shata ke jan Bakandamiya, ko yadda Ɗan Anace ke bin tarihin Shago ɗan dambe daki-daki, zai gane muhimmancin wannan. Na biyu, kowa yana iya ɗauka, kowa yana iya kwafa. Mai rikoda zai ajiye ta gaban makaɗi a wajen biki, washegari kaset ya haihu.

Kano ta zama cibiyar wannan sana'a, musamman kasuwar Ƙofar Wambai, wadda Brian Larkin ya yi nazarin harkar kwafe-kwafenta a littafinsa na 2008. Daga can kaya kan bi ta Sakkwato da Birnin Kabi da Kamba su isa bakin Kwara. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa kayan Nijeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa, kuma kaset na cikin kayan da suka ci wannan gajiya. Direbobin manyan motoci da ke kwana da kwanaki suna jiran takardun kwastan a hanyar Kwatano zuwa Yamai su ma sun taka rawa, domin direba da kaset kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Kwafar kaset ba ta cutar da makaɗin gargajiya yadda ake zato ba, saboda abincinsa ba daga sayar da faifai yake fitowa ba. Daga hannun ubangida yake fitowa, wato sarki ko attajirin da ya wasa, da kuma kari da ake yi masa a fili. Duk inda kaset ya kai sunan ubangida, darajar makaɗi ce ta ƙaru. Lissafin ya juye ne bayan da finafinan Hausa suka kafu a Kano daga 1990, aka koma yin kiɗa da fiyano a situdiyo. Mai shirya fim kuɗinsa ya zuba, kuma daga ciniki yake sa ran mayar da su. A lokacin ne kuma gardama ta kaure tsakanin masu sauraro: dattawa na cewa waƙoƙin nanaye ba su da azanci, kwaikwayon Indiya ne kawai, matasa kuwa na ganin kalangu da kotso sun zama kayan tsofaffi. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, ko da yake masu kushen sukan manta cewa mawaƙiya irin Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi ta yi suna a Kano, ta hanyar wannan sabon salo ne ta haɗa masu sauraron ƙasashen biyu.

Wayar salula ta GSM ta zo Nijeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru wayoyi masu araha da ke ɗaukar memori suka cika kasuwanni. Sai sana'ar masu tura waƙa ta maye gurbin ta masu kaset: yaro da kwamfuta a ƙaramar rumfa, a ba shi 'yan kuɗi ya cika wa mutum waya. Abokai kuma na tura wa juna ta Bluetooth kyauta. Misali mafi bayyana shi ne na Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita daga Nijar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya rarraba shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya har arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga waƙoƙin ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011. Sai da ya sha wahalar bincike kafin ya gano mai waƙar, domin babu cikakken bayani a jikinta.

Wannan ita ce asarar da ba a cika magana a kanta ba. Faifan garmaho yana ɗauke da sunan makaɗi da lambar kamfani. Kaset na kasuwa wani lokaci da biro ake rubuta sunan a bayansa, ba shekara, ba wurin ɗauka. A memori kuwa sau da yawa lamba ce kawai, ko sunan da mai turawa ya ga dama ya sa. Shi ya sa manazarcin waƙar baka kan sami waƙa ɗaya da zubi uku, ya rasa wanne ya riga wanne, ko ya ji an jingina wa Shata abin da ba nasa ba. Zaren kaset kuma yana lalacewa da zafi da ƙura, masu tsofaffin rumfunan da suka san asalin kowane ɗauka suna ta ƙarewa.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi dogon layi a gefen Benin. Jama'a suka koma ƙetare Kwara da kwale-kwale kamar kakanninsu, da buhunan kaya a gabansu da wayoyi cike da waƙoƙin Kano a aljihu.