Yadda ake raba adireshin IP a ƙaramar hanyar sadarwa

Adireshin IP lamba ce da ake bai wa kowace na'ura a hanyar sadarwa, ko kwamfuta ce ko waya ko firinta, domin saƙo ya san inda zai dosa. A tsarin IPv4, wanda aka fi amfani da shi a ofisoshi da makarantu da shagunan intanet, adireshin yana da kashi huɗu da ɗigo ke rabawa, kowane kashi daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.1.20.

Ba kowace lamba ake ɗauka ba. Tun 1996 takardar RFC 1918 ta ware rukuni uku don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da na 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Ba a saye, ba a neman izini, kuma ba sa fita intanet. Na'urar rarraba intanet, wato rawuta, ita ke tura saƙon kowa waje da adireshinta guda. Shi ya sa shago a Maraɗi da wani a Garwa za su yi amfani da lamba ɗaya ba tare da sun yi karo ba.

Abu uku ke tafiya tare da adireshin. A kwamfutar da ke da Faransanci za a gan su da sunan masque de sous-réseau, passerelle da DNS. Na farko, idan 255.255.255.0 ne, yana nufin kashi uku na farko na unguwa ne, na ƙarshe lambar gida, don haka akwai gurbin na'ura 254, daga 1 zuwa 254. Passerelle ƙofar fita ce, wato adireshin rawutar kanta, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, a ƙananan na'urorin Huawei kuma 192.168.8.1. DNS shi ke mayar da sunan shafi lamba.

Rawuta kan raba adireshi da kanta ta hanyar DHCP, kuma ga wayoyi da kwamfutocin baƙi wannan ya wadatar. Matsalar tana ga firinta da kyamarar tsaro. Aro DHCP ke bayarwa, ba kyauta ba. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, firinta na iya tashi da sabuwar lamba, kwamfutoci su yi ta nemanta a tsohon gida, mai shago yana zaton lalacewa ta yi. Maganin shi ne a taƙaita rabon DHCP, misali daga 100 zuwa 200, sannan a sa wa irin waɗannan na'urori lamba tsayayya a ƙasa da 100, a rubuta a manna a jikinsu. Lamba ɗaya ga na'ura biyu kuwa, sadarwar dukansu sai ta riƙa yankewa.

Kuskuren da ya fi wahalar ganowa shi ne a ƙara rawuta ta biyu don faɗaɗa wifi, a bar duka biyun suna rabo. Dole a kashe DHCP na ɗaya.

Don dubawa a Windows, umarnin ipconfig na nuna adireshin kwamfuta, ping 192.168.1.1 kuma na gwada ko ana isa ga rawuta. Idan adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu rabo ba ce ta ba kanta lamba, sai a fara da duba kebul da rawuta.