Laifi a Waje, Tsarki a Gida: Martani Kan Yadda Finafinan Yaƙi Ke Nuna Iyalan Jamus a Zamanin Hitila

Gabatarwa

A watan Maris na 2013 gidan talabijin na ZDF ya haska Unsere Mütter, unsere Väter, wato Iyayenmu Mata da Iyayenmu Maza, fim mai kashi uku wanda Philipp Kadelbach ya ba da umarninsa. Kowane kashi ya samu masu kallo wajen miliyan bakwai. Marigayi Frank Schirrmacher, ɗaya daga cikin jagororin jaridar Frankfurter Allgemeine Zeitung, ya yi wa fim ɗin kyakkyawar tarba. A ganinsa, wannan ce damar ƙarshe da iyalai za su zauna gaban akwati ɗaya, jikoki su tambayi kakanni abin da suka gani a yaƙi tun ƙasa ba ta rufe idanunsu ba. Wannan maƙala jayayya take yi da ra'ayin. Ba ta musun cewa Jamusawan wancan zamani mutane ne masu ƙauna da tsoro kamar kowa. Abin da take tuhuma shi ne inda irin waɗannan finafinai ke ajiye mulkin Nazi: kusan kullum a bakin ƙofa suke tsayar da shi, sanye da kaki, su bar cikin gida tsaf.

Tsarin da ke maimaituwa

A The Book Thief (2013) iyalin Hubermann sun ɓoye saurayi Bayahude a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A Jojo Rabbit (2019) uwa ce ta ɓoye yarinya Bayahudiya a bayan bango. A Alone in Berlin (2016) mata da miji ne ke rubuta katunan adawa da Hitila suna ajiyewa a matakalan gidaje. Fim ɗin Kadelbach kuwa ya buɗe da abokai biyar a Balin cikin 1941, ɗaya daga cikinsu Bayahude, suna rawa da ban kwana, babu wanda siyasa ta dama. Kowane ɗaya daga cikin labaran nan yana iya faruwa, na uku ma ya faru, domin an gina shi ne kan rayuwar Otto da Elise Hampel waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1943. Sai an jera su ne ake ganin inda gizo ke saƙa. Jamusawan da cibiyar Yad Vashem ta tabbatar sun ceci Yahudawa ba su kai dubu ɗaya ba, alhali 'yan jam'iyyar Nazi sun haura miliyan takwas kafin ƙarshen yaƙi. Mai kallon da ya san zamanin ta hanyar fim kaɗai zai iya ɗauka lissafin a juye yake.

Abin da masana tarihi suka tabbatar sananne ne, ambato ya wadatar. Kundayen Gestapo, 'yan sandan ciki, na Würzburg sun nuna jami'ai ƙasa da 30 ne ke sa ido kan yanki mai mutum fiye da dubu 800, kuma fiye da rabin shari'o'in hulɗa da Yahudawa daga tsegumin jama'a suka faro (Gellately 1990). Magidanta ne daga Hamburg, da yawansu masu matsakaicin shekaru, suka cika bataliyar 'yan sanda ta 101 wadda ta yi kisan kiyashi a Folan (Browning 1992). A Hamburg ɗin dai, an ƙiyasta aƙalla mutum dubu 100 sun sayi kayan Yahudawa a gwanjo (Bajohr 1997). Da ɗan gari akan ci gari. Mulkin bai tsaya kan ofishin 'yan sandan ciki kaɗai ba, ya jingina da maƙwabci mai kai rahoto da uwargida mai sayen kujera da arha.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Mai bin ra'ayin Schirrmacher yana da amsoshi, kuma ba na banza ba ne. Da farko zai ce fim ɗin Kadelbach bai ɓoye laifi ba. Wannan gaskiya ne. Daga cikin abokan biyar, Charlotte, ma'aikaciyar jinya, ta tona asirin abokiyar aikinta Bayahudiya. Wilhelm ya harbe fursuna, jami'in siyasa na rundunar Sobiyet. Ƙanensa Friedhelm, mai son littattafai, ya rikiɗe ya zama makashi. To amma a lura da yadda aka tsara tafiyar: dukkansu sun shiga labarin da zuciya fara, fagen daga ne ya ɓata su. Waɗannan kuwa samarin da aka haifa wajen 1920 ne, waɗanda suka yi makaranta da ƙungiyar matasan Hitila a ƙarƙashin mulkin, suka ga an kori 'yan ajinsu, suka ga wuraren ibadar Yahudawa na cin wuta a Nuwamban 1938. Masanin tarihi Ulrich Herbert ya yi wannan suka tun a 2013, cewa a fim ɗin 'yan Nazi kullum wasu ne daban. Da wuya a ce bai yi daidai ba. Idan laifi ya fara ne daga fagen daga, to gidan da aka reni yaron ya kuɓuta ke nan, alhali gidan ne ake cewa a zauna a tattauna a kansa.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi: wasan kwaikwayo ba ƙidayar jama'a ba ne, kuma labari yana buƙatar wanda ya fita daban. Na yarda babu wanda zai ɗora wa fim guda nauyin wakiltar mutum miliyan saba'in. Sai dai zaɓen jarumi yana da sakamako, domin ta idonsa mai kallo ke ganin duniya, kuma a gefensa yake tsayawa. Alone in Berlin ya isa misali. Fim ɗin bai ɓoye cewa kusan dukkan katunan an miƙa su ga Gestapo ba, amma kyamara na tare da mai rubuta katin, masu miƙawar kuwa inuwa ce ke wucewa. Su ne mafi rinjaye, su ne abin nazari, amma ba a ba su teburin cin abinci ko 'ya'yan da za mu sani ba.

Amsa ta uku ita ce zuciyar hujjar Schirrmacher: ko ma fim ya gaza, ai ya buɗe baki a gidaje. A nan dole in taƙaita iƙirarina daidai da abin da hujja za ta iya ɗauka. Ba za a ce finafinan nan ne suka haifar da tatsuniyar kaka mai tsarki ba, domin ta riga su. Binciken Welzer da abokan aikinsa (2002) kan iyalai 40 ya nuna cewa jikoki, ko da sun san tarihin kisan Yahudawa sarai, sukan gyara labarin kakanninsu har su mayar da su masu taimako ko waɗanda aka zalunta. Binciken ya kuma nuna masu ba da labarin kan ari hotuna daga finafinai su cike giɓin tunawa. Abin da za a iya faɗa ke nan: tattaunawar cikin gida tana da karkata tun asali, kuma fim ɗin da ya ba ta jarumai marasa aƙida ya ƙara mata nauyi ne a ɓangaren da ta riga ta rinjaya. Buɗe baki kaɗai bai isa abin yabo ba sai an duba me bakin ya faɗa. Kada kuma a manta cewa fim ɗin Kadelbach ya nuna ƙin Yahudawa ƙarara a bakin mayaƙan sa-kai na Folan, abin da ya jawo ƙorafin hukumomin ƙasar da shari'a a Kraków.

Akwai wata hanya

The Zone of Interest (2023) na Jonathan Glazer ya nuna ana iya shiga cikin gida ba tare da wanke shi ba. Za a ce iyalin Rudolf Höss, kwamandan sansanin Auschwitz, ba talakawa ba ne, kuma haka ne. Amma a dubi surukarsa. Tsohuwa ce wadda ta taɓa yin aikatau a gidan wata Bayahudiya. Tana yawo a lambun 'yarta, sai ta tuna cewa wataƙila matar tana bayan katangar da ta raba lambun da sansanin, sannan ta koka cewa wata maƙwabciya ta fi ta tayi a gwanjon labulayen matar. Ba ta riƙe bindiga ba, ba ta ɓoye kowa ba. Da dare ta ga wutar ƙona gawarwaki ta taga, ta tattara kayanta ta tafi ba sallama. A 'yan mintoci fim ɗin ya nuna kwaɗayi da sani da kawar da kai a jikin mutum ɗaya, kuma mai yiwuwa wannan ya fi kusa da rayuwar miliyoyin gidaje fiye da duk ɗakunan ɓuya da aka haska.

Kammalawa

Waɗanda suka yi ceto sun cancanci a tuna da su, kuma ƙarancinsu ne ma ya sa aikinsu ya yi girma. Fim ɗin da ya mayar da su abin samu a kowane layi ya rage musu daraja, ya kuma sauƙaƙa wa sauran. Ma'aunin da ya kamata masu nazari su riƙe shi ne ko fim ya bar mai kallo ya ga kansa a cikin mai sayen labule, ba a cikin mai ceto kaɗai ba. A kan wannan ma'auni, fim ɗin da Schirrmacher ya yaba bai cika mudu ba.