Muryar Shata a Jarwal: Ina Zaƙinta Ya Tafi?

A farkon shekarun 2000 na sauka gidan kawuna a Jarwal, unguwar da ke kusa da Harami a Makka, inda Hausawan da ake kira Takari suka daɗe da zama. Ya kunna mini faifan CD na Mamman Shata, sai na ji kalangu ya dusashe, ga wani shuu kamar iska. Ya ce, "Ɗana, yawan kwafa ne ya cinye shi."

Kawu ya yi gaskiya, amma ba faifan ne mai laifi ba. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, duk kwafin da aka yi sai sauti ya ragu, hayaniya ta ƙaru. A haka waƙoƙin suka iso Jarwal cikin kayan alhazai, kaset daga kaset. Shi kuwa CD, da ya shigo kasuwa a 1982, lambobi yake adanawa, awon sauti 44,100 a kowace daƙiƙa. In an kwafe shi daidai, na goma da na farko duk ɗaya ne. Ɓarnar tun daga kaset ta samo asali, sannan masu kwamfuta suka ƙara tasu: a matse waƙa zuwa MP3, a zuba a faifai, wani ya sake matsewa.

Shata ya rasu a 1999, ba zai sake rerawa ba. 'Yan'uwa ɗalibai, in kun je gida hutu, ku nemi kaset mafi tsufa, ku naɗe shi sau ɗaya a tsarin WAV, ku adana wa na baya.