Tafkin Sarakunan Meroe: Ginin Kushawa da Aka Laƙaba wa Sunan Rumawa

Wanda ya bar Khartum ya kama hanyar Atbara, idan ya yi tafiyar kilomita kusan 200 ya wuce Shandi, zai iso Bajarawiya, inda kufan birnin Meroe yake. Nan ne fadar daular Kush ta zauna ɗaruruwan shekaru, har zuwa rushewarta wajen shekara ta 350 bayan haihuwar Annabi Isa. Yawancin baƙi a kan dalar sarakuna suke tsayawa, amma can wajen kogi, jikin ganuwar birnin ta yamma, akwai wani gini da John Garstang na Jami'ar Liverpool ya tono a 1912. Ya kira shi wurin wankan sarakuna, daga baya bakin mutane ya mayar da shi "gidan wankan Rumawa". Wannan suna ya fi shekara ɗari yana yawo, kuma shi kansa ginin yana ƙaryata shi.

Zuciyar wurin wani tafki ne ginanne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kamar mita 7, zurfinsa kuma ya haura mita 2, da matakala mai sauka har ƙasa. An yaɓe cikinsa da yaɓen da ba ya shan ruwa, dabarar da duk wanda ya san yadda ake shafe rijiyoyin marinar Ƙofar Mata da laso zai gane nan take. Ruwa yana biyo magudanai daga kudu, ya ratso bango, ya zubo ta indararo a jere. A saman bangon an dasa kawunan zakoki da na bijimai, an manna tangaran mai sheƙi, an jera mutum-mutumin makaɗa, wannan da sarewa, wancan da abin kaɗawa mai tsirkiya. A gefe akwai zaure mai siffar rabin da'ira da kujeru huɗu na alfarma. Masana daga Jamus da hukumar kayan tarihi ta Sudan, waɗanda suka fara aiki a wurin a 1999, sun gano ramukan shuka a kewayen tafkin, alamar cewa lambu ne ya zagaye shi.

To, mene ne gidan wanka a wurin Rumawa? Iri biyu ne. Ko dai su gina shi a bakin marmaro mai zafi, kamar Hammam Salihin da ke Khenshela a Aljeriya, wanda har yau ake shiga, ko kuma su haƙa murhu, su ɗora daɓe a kan ginshiƙai, zafin wuta ya riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Mai wanka yakan bi ɗakuna ne daki-daki: mai sanyi, mai ɗumi, mai zafi. Daga wannan tsari hamamin biranen Musulmi ya samo asali. A tafkin Meroe babu marmaro mai zafi, babu murhu a ƙarƙashin daɓe, babu jerin ɗakunan nan uku. Ba kuma a tsakiyar kasuwa yake ba inda talaka zai biya ya shiga, yana cikin unguwar fada ne. Gidan wankan da ba shi da wuta ba shi da ɗakin gumi, a wurin Barume bai amsa sunansa ba.

Abin da masana da dama suka fi karkata a kai shi ne wuri ne na girmama ruwan Nilu. A ƙasar da ruwan sama ba shi da yawa, cikar kogi ita ce damina, kuma sarkin da kogi ya cika a zamaninsa shi ne mai albarka a idon jama'a. Zakin da ke bangon yana nuni ga Apedemak, abin bautar Kushawa ne na kansu, ba daga Rum ko Masar suka samo shi ba. Idan aka haɗa ruwa mai kwarara, da lambu, da makaɗa, da kujerun manya, hoton da ke fitowa na bikin sabon ruwa ne a gaban sarki. Mai ja zai ce matakalar ai ta shiga ruwa ce. Haka ne, mai yiwuwa an shiga, amma tafkin da ya fi tsawon mutum zurfi dole a yi masa matakala ko don yashewa, kuma tsoma jiki a wurin ibada daban yake da wankan yau da kullum.

Hujja mafi ƙarfi ga masu riƙe da tsohon suna ita ce salon sassaƙar. Wasu mutum-mutumin sun yi zama irin na Girkawa, kayan kiɗansu ma na can ne. Babu mai musun wannan. Meroe ta yi ciniki da Iskandariya, ta ga kayan ƙawa, ta ɗauki abin da ya yi mata. Sai dai aro ba ya mayar da gida ya zama na mai ba da aro. Masallacin Kano ba ya zama na Turkawa don an ɗora masa ƙubba. Da dutsen ƙasar aka sassaƙa siffofin, kuma jikinsu mai kauri irin wanda Kushawa suke so ne. Ƙari a kan haka, Rumawa ba su taɓa mulkin Meroe ba. Wajen shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa, Kushawa sun kai hari Aswan, suka dawo da kan mutum-mutumin Augustus, sarkin Rum, na tagulla, suka binne shi ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta don a riƙa taka shi. Garstang ɗin nan ne ya tono shi a 1910, yau kan yana Landan. Mutanen da suka yi haka ba almajiran Rum ba ne.

Wani zai ce suna linzami ne kawai, mene ne na damuwa? Linzami kuwa shi ke juya doki. Yaron da aka koya wa cewa duk gini mai kyau a Afirka baƙo ne ya yi shi, ba zai tashi da kishin kare shi ba, kuma wannan wuri yana buƙatar masu kishi. A 2011 UNESCO ta sa Meroe cikin kayan gadon duniya. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya zana rumfar da za ta kare tafkin. A Satumbar 2020 ambaliyar Nilu ta taso wa wurin, sai da aka tare da buhunan yashi da injunan zuƙar ruwa. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 kuma ya kai ga wawushe Gidan Tarihi na Ƙasa, inda aka adana dukiyar Kush mai yawa. Malamanmu da marubutanmu su fara da abin da yake hannunsu: su kira wurin da sunan masu shi. Kushawa ne suka gina shi, don kogin da ya rayar da su.