Kare Kai Daga Harbin Bindiga Yayin Neman Burbushin Tsoffin Halittu a Daji

Burbushin halittu su ne ƙasusuwa, haƙora da ɓawon dabbobin da suka mutu shekaru miliyoyi da suka wuce, suka sandare a cikin dutse. Yankin Sakkwato na da su da yawa, domin teku ya taɓa rufe shi. Daga Goronyo ne wata babbar dabbar ruwa ta samo sunanta, Goronyosaurus. A Nijar kuwa, a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere, an haƙo dabbar da aka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999. Ɗalibai, masu bincike da ’yan gari masu yi musu jagora da haƙa duk suna shiga irin waɗannan wurare. Idan kana cikinsu, ko wani naka, ka sani cewa bayan maciji da zafin rana akwai haɗarin harsashi, kuma asibiti yana nesa.

Ta ina harbin ke zuwa?

Na farko shi ne maharbi. Mai neman burbushi yakan yi sa’o’i a tsugune ko a rarrafe cikin kwari, kansa ƙasa, ba ya magana. Daga nesa, musamman da asuba ko goshin magariba, mai bindiga na iya ɗaukarsa dabba. Haɗarin ya fi yawa da rani, lokacin farauta, wanda kuma shi ne lokacin da aka fi fita aikin fili. Na biyu shi ne zargi: baƙo da guduma, kurfi da na’urar nuna wuri yana zagaya gona ko mashaya, ’yan banga na iya ɗaukarsa mai neman zinare ko ɗan leƙen asirin ɓarayi. Na uku kuwa ’yan bindiga ne, waɗanda suka addabi gabashin Jihar Sakkwato, har da yankin Goronyo. Ayarin masu bincike a arewacin Nijar da rakiyar sojoji suke tafiya.

Kafin ka fita

Fara da hakimi ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya raka ka. Tambayi sarkin baka ranakun da maharba ke fita da ɓangaren da suke bi. Nemi izinin mai gona. Idan mutanen gari suka ce kada a shiga wani daji, magana ta ƙare. Babu riga ko dabarar da za ta kare ka daga ’yan bindiga.

Inda maharba ne kaɗai abin tsoro, sa riga da hula masu launin ruwan lemo mai haske. A jihohi da dama na Amurka doka ta wajabta wa masu farautar barewa wannan launi, saboda idon mutum na hango shi daga nesa. Guji kaki da duk tufafin da ya yi kama da na soja. Yi aiki da rana tsaka, ku zama aƙalla mutum biyu, ku riƙa magana da ƙarfi, ɗaya yana tsaye yana duba gefe. Bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowarka, ka kuma san asibitin da ke da ɗakin tiyata da ajiyar jini mafi kusa, ba ɗakin shan magani kawai ba. A jaka, sa bandeji mai yawa, filasta, safar hannu, almakashi, leda mai tsabta da ɗaurin tsayar da jini. Laya ko maganin bindiga ba sa maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan; likitocin tiyata suna karɓar masu raunin harsashi da layunsu a jiki.

Idan ka ji harbi

Kwanta rub da ciki nan take, sannan ka rarrafa bayan abin da zai tare harsashi: dutse, gaɓar kwari, tudun ƙasa, ko gaban mota inda injin yake. Ciyawa, zana da ƙofar mota suna ɓoye ka ne kawai, harsashi na ratsa su. Idan ka tabbata maharbi ne, yi kira da babbar murya ko busa usur kana kwance, kada ka miƙe sai ya amsa. Idan ba ka san ko su wane ne ba, yi shiru, kashe ƙarar waya, ka janye ta cikin kwari. Bar kayan aiki da duwatsun a wurin.

Idan an harbi wani

Zubar jini ce ke fara kashewa. Babban mutum na da jini kamar lita 5, kuma idan babbar jijiyar cinya ta tsinke yana iya mutuwa cikin ’yan mintoci. Da zarar wurin ya lafa, yaga tufafinsa ka duba jiki duka, gaba da baya, har hammata da matsematsi. Ƙaramin rami kada ya ruɗe ka. Ɓarnar a ciki take.

Danna raunin da bandeji ko ƙyalle mai tsabta, da nauyin jikinka, ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Idan ramin mai zurfi ne a matsematsi, ɗuwawu ko kafaɗa, cusa ƙyallen ciki har ya cika, ka ci gaba da dannawa. Idan hannu ne ko ƙafa, jinin kuma yana tsartuwa ko ya ƙi tsayawa, ɗaure sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba. In babu na asibiti, yi da rawani ko gyale mai faɗi, ka zura sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka ɗaure sandan. Igiya da waya suna yanka nama. Zai yi zafi ƙwarai, wannan ba dalilin sassautawa ba ne. Rubuta lokacin da ka ɗaure, ka bar wa ma’aikatan asibiti kwancewa. Cikin sa’o’i 2 na farko ba kasafai ɗaurin ke jawo asarar gaɓa ba.

Ramin ƙirji da ke tsotsar iska a rufe shi da leda, a manne gefe uku a bar ɗaya. In numfashi ya ƙara tsananta, ɗaga ledar iska ta fita. Idan hanji ya fito, kada a mayar da shi. A rufe da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa. Ciki da ƙirji ba a cusa musu ƙyalle.

Kada a tono harsashi. Kada a zuba toka, ƙasa, gishiri, man birki ko garin magani a rauni. Kada a ba shi abinci ko ruwa, saboda tiyata, haka ma asfirin, ibuprofen da diclofenac, domin suna iya ƙara zubar jini. Lulluɓe shi ko da ana zafi, don jinin wanda jikinsa ya yi sanyi ba ya daskarewa yadda ya kamata. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa. A Najeriya ana kiran 112, amma in da mota a kusa kada ku zauna jira.

A asibiti

Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya fara magani ba tare da takardar ’yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da ’yan sanda cikin sa’o’i 2 da fara jinya. Faɗa wa likita lokacin harbin daidai, saboda allurar tranexamic acid mai rage zubar jini tana amfani ne idan an ba da ita cikin sa’o’i 3. Za a yi allurar tetanus, a wanke raunin, a ɗauki hoto. Raunin bindigar toka, ko da ya yi kama da ƙujewa, yakan shigar da datti da yagaggen tufafi cikin nama, don haka a kai shi. Ba kowane harsashi ake cirewa ba. Wani barinsa ya fi tono shi aminci.

Bayan sallama, a koma asibiti in an ga zazzaɓi, kumburi, mugunya, wari ko mutuwar gaɓa. Ƙarar kunne da ba ta daina ba, mugayen mafarkai, firgita da rashin barci da suka wuce wata guda su ma a kawo su gaban likita, ko da harsashin bai taɓa mutum ba.