Gonakin Inabin Rumawa da Waɗanda Suka Gaje Su

Manyan yankunan giyar inabi na Turai a yau, daga Bordo ta Faransa zuwa kwarin Mosel na Jamus, gadon daular Rumawa ne. Noman ya bunƙasa har a shekara ta 92 Miladiyya Sarki Domishiyan ya yi umarni a tumɓuke rabin gonakin larduna don a shuka hatsi, amma umarnin bai yi wani tasiri ba.

Musulmi sun gaji irin waɗannan gonaki a Sham da Andalus, tare da mas'alar abin da za a yi da su. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya halatta wa mutanen Sham ruwan inabin da aka dafa har sulusi biyu suka tafi. Halifa Hakam na Biyu na Kurɗuba kuwa ya yi niyyar sare inabin Andalus baki ɗaya. Da aka ce masa mashaya za su koma ga ɓaure, sai ya fasa. Inabin garin Sharish ya wanzu, kuma daga sunan garin giyar da Turawa ke kira sheri ta samo nata.