Daga Jar Koma zuwa Zaren Nailan: Tarihin Kayan Su a Ƙasar Kano

Duk wanda ya san Dawanau a yau, da hatsi ya san ta. Tun daga shekarar 1985 da aka kafa babbar kasuwar nan ta bakin hanyar Katsina, a ƙasar Dawakin Tofa, sunan garin ya zama ɗaya da buhunan gero da dawa da riɗi da wake. Ƙasar da ke kewaye da shi kuwa ita ce wadda masanin nan Michael Mortimore ya yi nazarinta a shekarun 1960, ya nuna cewa saboda yawan jama'a ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an nome ta. Ba wani babban kogi a nan kusa. Don haka mai karatu na iya mamakin abin da ya haɗa wannan wuri da maganar su. To amma akwai dangantaka, domin kuwa kafin zuwan kayan kanti, kusan duk abin da masunci ke shiga ruwa da shi a gona ake shuka shi.

Alal misali, waken nan da ake jibgewa a Dawanau yana da wani ɗan'uwa wanda masana tsirrai suka ware shi a aji na musamman. Ba don 'ya'yansa ake noma shi ba, sai don dogon sandan da furensa ke fitowa a kai, wanda daga jikinsa ake samun zare mai ƙarfi na igiyar fatsa da saƙar koma. An noma shi a wasu sassa na Arewa, amma yanzu ya kusa ɓacewa, saboda masu nemansa sun daina. Haka kuma ana ɓare rama a jiƙa ta a fitar da zarenta, ana kuma samun wani zaren daga ɓawon tumfafiya, ga kuma auduga wadda mata ke kaɗawa. Duma shi ke ba da gora, wato babban tulun nan da masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi ta yawo bisa ruwa, yana jefa abin da ya kama a cikin bakinsa. Maƙerin ƙauye shi ke ƙera ƙugiya da mashi. Har ma gubar da wasu ke zubawa a ruwa don kifi ya bugu ya taso, wato magimfa, shuka ce.

Su kansu kayan, kowanne da sunansa da wurin da ya dace da shi. Koma ita ce ta hannu, wadda ake ɗaure ta a jikin lanƙwasasshen itace. Mutanen Kabi suna ce wa irin tasu homa. Taru shi ne dogon da jama'a ke haɗuwa su ja zuwa gaɓa. Birgi shi ake wurgawa ya buɗe a sama ya faɗa wa kifi. Mamari igiya ce doguwa mai ƙugiyoyi barkatai da ake kwana da ita a ruwa, sankiya kuwa tarko ce da ake saƙawa. Fatsa ita ce ta mutum ɗaya da sandarsa da ƙugiyarsa da tanarsa, kuma galibi yara da masu neman na miya aka sani da ita.

Manyan ma'abota wannan sana'a a ƙasar Hausa su ne Kabawa da Sarkawa na yamma, waɗanda suka bazu a bakin Kwara da Binuwai har Tafkin Cadi. A ƙasar Kano kuwa, in an ɗebe mazauna bakin kogin Kano da Calawa da Wudil, su aikin rani ne na manomi. Idan ruwa ya ja baya sai Sarkin Ruwa ya sa rana, a yi gayya a faɗa wa gulbi ko fadama. A ƙauyukan arewacin birni ma abin bai wuce kududdufi ba, inda ake samun tarwaɗa da ƙarfasa, a kuma haƙo gaiwa daga cikin busasshen laka.

Tufafin masunci a wancan zamani ba su da yawa. Bante ne ko warki, sai malafa saboda rana, sai kuma abin da shi a ganinsa ya fi duk waɗannan muhimmanci, wato guru da kambu da layu na tsarin kada da mutanen ruwa.

Abin lura a nan shi ne raunin waɗannan kaya. Zaren rama ko na auduga yana shan ruwa ya yi nauyi, in ba a shanya shi kullum ba ya ruɓe. Saƙar taru guda tana cin watanni. Gora sai an jira damina ta wuce, duma ya ƙosa ya bushe, shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'an nan zaren yana da kauri da launi, kifi yana hangensa ya kauce, kamar yadda karin maganar nan ya tabbatar: kifi na ganinka, mai jar koma. Ma'ana, ko babu wata doka a rubuce, kayan da kansu sun yi wa masunci iyaka. Ba ya iya kwashe abin da ke cikin ruwa duka, ko da ya so.

A can ƙasashen Turai ma akwai wani irin su da ya daɗe a kan irin waɗannan kaya na gona da na dabba, kuma yana da kyau a san shi, domin abin da ya canja shi shi ne ya canja na nan. Wannan shi ne fatsar ƙudan ƙarya. Maimakon a soka tana a ƙugiya, sai a naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke cafkewa a saman ruwa. Da yake wannan ƙuda ba shi da nauyin da za a wurga shi, igiyar ce ake yi da nauyi, mai fatsa ya yi ta kaɗa ta a iska kamar bulala har ta kai inda yake so. Wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya ba da labarin mutanen Makedoniya suna yin haka da jan ulu da gashin zakara biyu, wajen shekara 200 bayan haihuwar Annabi Isa. A Ingila an buga wani ɗan littafi a kan wannan fasaha a 1496, sa'an nan littafin Izaak Walton ya fito a 1653. A duk tsawon wannan lokaci da gashin wutsiyar doki ake tufka igiyar, daga baya aka koma siliki. Sandar kuwa ta itace ce, kafin a koma tsaga itacen gora ana manne shi. Bambancin kawai shi ne, a can abin ya zama nishaɗin masu hali, a nan kuwa neman abinci ne.

A shekarar 1935 wani masanin haɗa magunguna mai suna Wallace Carothers, wanda ke aiki a kamfanin DuPont na Amurka, ya samar da nailan. Kafin 1940 an fara sayar da igiyar fatsa da aka yi da shi, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ya mamaye sana'ar su a ko'ina. A wajen masu fatsar ƙuda, wannan shi ne mafarin jerin sababbin kaya da har yau bai ƙare ba. Sandar zaren gilas ta zo a ƙarshen shekarun 1940, ta garafayit mai sauƙin ɗauka ta biyo baya a wajen 1973. Dogon wandon roba mai kaiwa ƙirji, wanda suke tsayawa da shi cikin ruwan sanyi, an sake shi a farkon shekarun 1990 da yadin Gore-Tex, wanda ruwa ba ya ratsa shi amma gumi yana fita. Ga riga mai aljifai da yawa ta zuba ƙudaje, ga tabarau mai kashe ƙyallin ruwa don a hango kifi. Wasu daga cikin masu wannan sha'awa har kogin Faro suke zuwa a Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, don neman giwan ruwa da tsage, su kama su ɗauki hoto su mayar da su ruwa.

Ko a can ma sabon kaya bai zo salin-alin ba. An gano cewa takalman shiga ruwa masu tafin ulu suna ɗaukar wata irin gansakuka daga wannan kogi zuwa wancan, har ƙasar Niyu Zilan ta hana amfani da su a 2008.

A Nijeriya ta Arewa nailan ya fara kama ƙasa ne a Tafkin Cadi, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin na 1960. Ragar kalli, wadda ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa kifi ya zo ya sarƙe, ita ta fi cin moriyarsa. Ba ta ruɓewa, ba ta da nauyi, ana sayenta a saƙe, kuma wadda aka yi da zare ɗaya tak mai kama da ruwa, kifi ba ya ganinta sam. Mai jar koma ya sami komar da ba ta da launi. Kamu ya yi yawa ƙwarai, banda ta riƙa fita daga Baga zuwa Kudu mota-mota. Amma ba a daɗe ba manyan kifaye suka ragu, masunta suka shiga rage faɗin idon raga don su sami na ƙasa da su, in waɗannan sun ragu a sake ragewa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya janye tafkin, ya kuma koro masunta daga Mali, waɗanda suka zo da tarkonsu da ake kira gura. Idan aka jera ɗaruruwan gura aka datse mashigar ruwa da su, shi ne dumba, kuma rigimar da dumba ta haddasa tsakanin masunta ba kaɗan ba ce.

Ƙasar Kano ta karɓi waɗannan kaya ne a daidai lokacin da ita kanta ta sami ruwan da ba ta taɓa samu ba. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗora harsashin gina madatsun ruwa a jihar. An gama Tiga a 1974. A arewa da yammacin birni, wato ɓangaren da Dawanau take, aka sami dam ɗin Tomas a wajen Ɗambatta, da na Jakara a Wasai, da na Watari a Bagwai wanda aka kammala a 1980. Calawa ta biyo baya a 1992. Ƙauyukan da ba su san komai ba sai kududdufi suka wayi gari a bakin ruwan da ba ya ƙafewa. Masunta na gado suka taso daga Kabi da Haɗeja da sauran wurare, manoman da ruwa ya cinye wa gonaki su ma suka koyi sana'ar. Waɗannan sababbin masunta ba su gaji saƙa ba, ba su kuma bukace ta ba. Raga da ƙugiya da dalma duk a kasuwa suke. Wanda ke da kuɗi yau, gobe ya shiga ruwa.

Nan ne gizo ke saƙa. Da can, kafin yaro ya mallaki komarsa ya shekara da shekaru a hannun manya, kuma tare da saƙa yake koyon lokacin da kifi ke ƙwai da wuraren da ba a taɓawa. Da kaya suka koma na saye, sai wannan makaranta ta rushe, ikon Sarkin Ruwa ya yi rauni a kan wanda bai ci gadonsa ba. Magimfa, wadda ƙarfinta ke gushewa cikin ɗan lokaci, ta ba da wuri ga maganin ƙwari na Gammalin 20, mai kashe babba da ƙarami ya kuma cuci mai ci. Daga baya har gidan sauro da ake rabawa don maganin zazzaɓi wasu suka mayar taru, alhali idonsa ko ɗan tsakon kifi ba ya bari. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar su ta ruwayen cikin ƙasa a 1992, wadda ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Sai dai doka a takarda daban, mai tsaron ta a bakin ruwa da tsakar dare daban.

Ta fuskar tufafi, canjin bai taka kara ya karya ba. Bante ya ba da wuri ga gajeren wandon gwanjo, an sami fitilar goshi ta kamun dare, wasu sun maye gora da jarka ko tiyub ɗin mota, ko da yake har yanzu ana ganin masu gora a dam-dam ɗin Kano. Abin takaici shi ne, kayan da suka fi dacewa da lafiyar masunci su ne ba su iso ba. Baturen da ke sa dogon wandon roba sanyi yake gudu. Masuncin Wasai kuwa abin da ya fi sanyi ke jiransa, wato tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fatar duk wanda ya tsaya cikin ruwa. Wandon roba zai tare ta, amma na kanti ya fi ƙarfin aljihunsa, mai arha kuma ba ya sawuwa a zafin bazara. Haka nan rigar ceto. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau za su Bagwai wajen Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya.

Wuri guda da tsofaffin kaya suka tsira da mutuncinsu shi ne Argungu. Bikin can ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, aka shirya su don girmama shi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A ranar babban kamu, dubban mutanen da ke rugawa cikin Matan Fada homa da gora suke ɗauke da su, kamar yadda kakanninsu suka yi. Amma wanda ya matsa kusa ya duba homar da kyau zai tarar itacen ne na da. Zaren, na nailan ne.